Kallon da Inna Kande Ta Yi Mini

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai Sa'adatu ɗakin miji ba, ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina. Kuma tun kafin in yi nisa bari in faɗi abin da ke raina: an cuce ni. Gida cike da manya, kowa da bakinsa, amma aka rasa mutum guda da zai ja ni gefe ya raɗa mini magana ɗaya kafin in shiga ɗakin nan. Da an yi haka, da yanzu ina shiga Ruwan Bago ba tare da na ja gyale na rufe rabin fuska ba. Ba a yi ba. Sauran laifin kuwa, wanda shi ne mai yawan, nawa ne, kuma zan faɗe shi yadda ya faru.

Sa'adatu 'yar ƙanena ce, Malam Sabi'u. Uwarta ta rasu tana rarrafe, don haka a hannuna ta tashi, nan Unguwar Hajji cikin Ƙaraye, tsakanin kaskon suyar gyaɗa da turmin matsar mai, don sana'ata ke nan tun ina amarya. Da ta girma ta kawo wanda take so, Nafi'u, yaron kirki mai gyaran injin ban-ruwa, ɗan Ruwan Bago ta ƙasar Rogo. Aka bincika, aka ce gidan mutunci ne, uwarsa Inna Kande ko kaza ba ta taɓa yi wa tsawa ba. Muka ce Alhamdulillahi.

Ni kuwa ba a taɓa yi mini wannan shaidar ba. A unguwarmu in an ji hayaniya ba a tambayar wace ce, sai dai a tambayi da wa take. Ga shi kuma sai da furfura ta cika mini goshi sannan na shiga makarantar yaƙi da jahilci, na zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana ina koyon bambancin ba da ɓa. Na sha dariya a hanya. 'Yan acaba su ce, "Gwaggo, an makara, za a sha bulala!" Wannan ya bar mini ciwo iri biyu. Na farko, duk wanda ya kalle ni ya daɗe sai in ga kamar dariya yake haɗiyewa. Na biyu, da na fara haɗa baƙi sai kaina ya kumbura, har mai karanta labarai a rediyo nake gyara wa Hausa. (Shi dai bai taɓa ji ba, Allah ya taimake shi.)

To da aka ce ni zan miƙa amarya hannun uwar miji, sai na ce yau mutanen ƙauye za su san an yi karatu a Ƙaraye. Abin da kowace gwaggo ke faɗa bai wuce "ga 'yarku nan, amana, in ta yi ba daidai ba a tsawatar" ba. Uwar miji ta amsa, "'Yarmu ce, mun karɓa, Allah ya ba su zaman lafiya." Shi ke nan, a shafa fatiha. Amma ni na ce wannan na jahilai ne. Na shirya jawabi mai kai da ƙafa, da nasiha ga amarya, da nasiha ga dangin miji, har da addu'ar da na hardace a Islamiyya. Ina tuya ina bita, ina matsa ina bita. Ƙawata Asabe, wadda muke benci ɗaya da ita a makaranta, ta ji bitar har ta gaji.

"Ke wai amarya za ki kai ko takarar kansila za ki tsaya?"

"Hassada ce ke cin ki, ke da har yau ba kya iya rubuta sunanki sai kin fito da harshe."

"Na ji. Amma dai ki rage, fura za ta yi tsami kafin ki gama."

Ban rage ba.

Lokacin kaka ne, ko'ina an baza gyaɗa tana shan rana. Muka isa Ruwan Bago da la'asar, mota biyu, mata sai ƙamshi. Aka tarye mu da guɗa, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka fito da fura a manyan ƙore, an ce uwar ango ce ta dama da hannunta tun da hantsi. Matanmu suka baje suka kama sha. Ni da Asabe da wasu tsofaffi muka riƙo amarya, lulluɓe tana shessheƙa, muka shiga ɗakin Inna Kande.

Siririyar dattijuwa ce, mai sanyin murya, tana zaune bakin gado, 'yan'uwanta mata sun kewaye ta. Ta yi mana lale, ta ce mu zauna, ta tambayi hanya. Muka durƙusar da Sa'adatu gabanta. Na gyara zama, na yi gyaran murya irin na malaminmu, na yi sallama ta biyu (don jawabi ba ya tafiya ba sallama), na fara.

Wallahi farkon ya tafi daidai. Har na ji wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ikon Allah, ka ji magana." Na kai wurin da nake cewa yarinyar nan marainiya ce, ba ta san uwa ba sai ni, yau kuma na danƙa ta hannun wata uwar. A nan na tsara in ɗan dakata, uwar ango ta ce "mun karɓa", mata su share hawaye, sannan in wuce zuwa nasiha. Na dakata. Shiru.

Na ɗaga kai. Inna Kande ta kafe ni da ido. Ba kallon mai sauraro ba, ba na mai jin tausayi ba. Ido a buɗe, ko ƙiftawa babu, fuska ba yabo ba fallasa, kamar tana kallon bangon da ke bayana ta cikin kaina. Na ce a raina ko kunya ce, sai na tuna Nafi'u ba ɗan fari ba ne balle a ce alkunya ta hana ta magana. Na maimaita, da ɗan ƙarfi: "Na ce na danƙa ta a hannunki, amana."

Sai ta fara motsa leɓe. Tsap, tsap, tsap, kamar mai ɗanɗanar miyar da gishiri bai ji ba. Duk macen da ta taɓa zama gidan yawa ta san ƙanwar tsaki in ta ji ta. Ban gama haɗiye wannan ba sai na ga hannunta ya sauka kan zanenta, tana tsintar wani abu da ba a gani, tana yarwa, tana tsinta, tana kakkaɓewa. A gabana. Ina maganar marainiya, ita tana kakkaɓe zane! A yarenmu na mata wannan ba ya bukatar tafinta: maganarki ƙura ce, ga ta nan na kaɗe.

'Yan'uwanta suka yi tsuru-tsuru, wannan ta kalli wannan. Ɗaya ta ce a hankali, "Gwaggon amarya, a ɗan yi haƙuri kaɗan..." Wata ta sulale ta fita da sauri. Asabe ta taka mini ɗan yatsa. Duk wata mai hankali a nan za ta tsaya ta ce, lafiya kuwa? Ni kuwa kalmar haƙuri ce ma ta ƙarasa kunna ni. Haƙuri a kan me? Wato sun san halinta ke nan!

Na miƙe. Na sauke gyalena daga ka, sabon gyalen da na saya musamman don bikin, na ci ɗamara da shi.

"Baiwar Allah, ƙaho kika gani a kaina? Tun ɗazu ina magana kina ta kallona kamar an kawo miki kura wasa! In ba kya son auren nan ai da kin faɗa tun ana kai goro, ba sai mun ƙona mai mun zo ba. Mu ba gajiya muka yi da 'yarmu ba. Ko hatsi ya ƙare a Ƙaraye, ƙuli ma ya ishe ta!"

Ba ta motsa ba. Tsap, tsap.

"Au, tsaki ma za ki ƙara? An gaya miki 'yar yaƙi da jahilci ce za ta zo, shi ne kika shirya mini? To na yi karatun, da tsufana na yi, kuma abin da ke kaina ko rabinsa..." (Allah na tuba. Matar da ko sanin ina zuwa makaranta ba ta yi ba.) Na damƙi hannun Sa'adatu. "Tashi! Tashi mu koma inda aka san darajarki!"

Yarinya ta ƙanƙame ƙafar gado tana kuka, "Gwaggo don Allah, Gwaggo don Annabi." Masu shan fura sun taru a bakin ƙofa, har yara sun leƙo ta taga. Ni kuwa ina tsaye, ɗankwali ya zame, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya ina jan amarya kamar akuyar da ta ƙi shiga kasuwa.

Ana cikin haka Inna Kande ta ƙifta ido. Ta ja dogon numfashi, ta shafa fuskarta, ta dubi ɗakin kamar wadda ta tashi daga barcin rana. Idonta ya sauka kaina, ni da ɗamarata. Sai ta yi murmushi, murmushin nan mai sanyi na mutumin da bai san an yi komai ba, ta ce:

"A'a, lale, lale. Sannunku da zuwa. Yaushe kuka iso? Gwaggon amarya, ya kike a tsaye? Ku ba ta wuri mana. An kawo muku furar kuwa?"

Na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ni a ranar ko tsagewa ba na nema, ramin gyare ma da na samu da na gwada.

Daidai nan wata matashiya ta shigo da gudu, hannunta duk sabulu. Murja ce, ƙanwar ango, wadda ke aikin jinya a wani ƙaramin asibiti can wajen Rogo. Ita aka fita kira. Ta durƙusa gaban uwarta, ta riƙe hannunta, ta tambaye ta sunanta da inda take, ta duba fuskarta da kyau, ta ce ta ɗaga hannuwa biyu. Sannan ta juyo gare ni, idonta jawur, amma da ladabi ta ce, "Gwaggo, don Allah zo mu ɗan yi magana."

Ta kai ni lungun rumbu. Ta yi ƙasa da murya sosai. Ta ce shekarun baya Inna ta faɗo daga babur ta bugu a ka, tun daga nan abin yake zuwar mata jefi-jefi. Sai ta ɗauke na ɗan lokaci, ido a buɗe, ba ta ji ba ta gani, bakinta da hannunta suna motsi ba da saninta ba, in ta dawo kuma ba ta tuna komai. Tana shan magani kullum, abin yakan daɗe bai zo ba, amma hidimar biki ta hana ta barci kwana da kwanaki, yau da safe kuma ta manta ba ta sha ba. Ta ce, "Wani nau'i ne na farfaɗiya, Gwaggo. Ba mu cika faɗa ba, kin san mutanenmu."

Yanzu mai karatu zai ce ai kunyar ta ƙare a nan. Ina! Wadda ta wuce share fage ce. Yarinya ta raɗa mini kalma a kunne don kar kowa ya ji, ni kuwa da muryar da Allah ya ba ni, wadda nake kiran mai sayen ƙuli da ita daga tsallaken titi, na dafe ƙirji na ce:

"FARFAƊIYA?"

Har kajin gidan sai da suka watse.

Na juyo na ga abin da bakina ya haifar. Matan da muka zo da su, masu rububin fura ɗazu, kowa ta saki ludayi. Wata ta ture ƙwarya da ƙafa. Wata ta juya baya tana tofar da yawu a gefen zane, wata ta fizge moɗa daga hannun ɗanta ta kai masa duka. Kun san abin da aka ɗora mu a kai tun muna yara: wai ana ɗaukarta a yawu, wai kar a ci abinci ƙwarya ɗaya da mai ita. Inna Kande kuwa ta fito bakin ƙofa don ta ga ko baƙinta sun ƙoshi. A kan idonta aka ture furar da ta dama. Wannan karon tana gani sarai. Ta sunkuyar da kai ta koma ciki. Abin da ta rufe shekara da shekaru, har maƙwabta ba su sani ba, na zo daga Ƙaraye da mota na buɗe shi a ranar auren ɗanta.

Don kare kaina, sai na kama gardama. Na ce wa Murja ai ni na san farfaɗiya, faɗuwa ake yi, a yi ta shure-shure, kumfa na fita. Wannan kuwa a zaune take daram.

"Iri-iri ce, Gwaggo. Akwai mai kayarwa, akwai wadda mutum zai yi shiru kawai ya zuba ido. Yara ma suna yi, a aji malami ya yi ta dukansu wai ba sa mai da hankali. Kuma ba a ɗauka. Ko a yawu, ko a ƙwarya, ko a numfashi. Ni a kwano ɗaya nake ci da ita tun da abin ya same ta."

Na ce to duk wanda ya ƙura ido haka farfaɗiya ce ke nan? Ta ce a'a, shi ya sa ta duba fuskar Inna da hannuwanta. Wani sukarin jikinsa ne ya faɗi, musamman mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba. Wani somin shanyewar ɓarin jiki ne, in an ga baki ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta harɗe, wannan ba a jira, asibiti ake nufa a guje. Wani maganin da yake sha ne ya yi masa ƙarfi, wani zazzaɓi ne ya hau kai, wani ruɗewar tsufa ce. Wani kuma damuwa ce ta yi masa yawa har ya bar duniyar yana zaune. "Abin da ake so, a kira sunan mutum a hankali. In bai amsa ba a zauna kusa da shi, a kawar da wuta ko wuƙa, kar a girgiza shi, kar a ɗura masa komai a baki, kar a watsa masa ruwa. In ya daɗe bai dawo ba, ko bai taɓa yi ba, a kai shi asibiti." Sannan ta ƙara, "Ba a kuma yi masa faɗa."

Wannan ta ƙarshen ba na jin a makarantar jinya aka koya mata. Tawa ce ta musamman.

Haka aka ƙarasa miƙa amarya a sanyaye, wata tsohuwa ta faɗi kalmomin nan na kullum da na raina, aka shafa. Da na leƙa yi wa Sa'adatu sallama, ta ɗaga mayafi ta dube ni da kumburarrun idanu ta ce, "Gwaggo, ke yanzu mota za ki shiga. Ni kuma a gidan nan zan kwana, a gidan nan zan tashi. Da wane ido zan gaishe ta gobe?" Na ja ƙafa na fito na nufi mota.

A mota ba wanda ya yi guɗa. Sai can Asabe ta matso ta ce, "Jawabin nan dai ya yi. Musamman ƙarshensa."

"Asabe, ki bar ni."

"Ni dai na taka ki. Yatsan naki ne na katako. Kuma ki kwance ɗamarar nan, mun kusa shiga gari."

Sai a lokacin na lura har yanzu gyalen yana ƙuguna.

Malam Sabi'u da labari ya riga mu isa wurinsa, ko faɗa bai yi ba. Ya ce, "Yaya, na ɗauka da kika shiga makaranta za a rage." Na ce ai makarantar baƙi take koyarwa, ba a kai mu darasin rufe baki ba tukuna. Bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Abin da na koya dai shi ne, ba kowane ido da ya tsaya a kaina ni yake kallo ba. Na yi shekaru ina zaton duk duniya ta bar aikinta tana lura da ni da jakar littafina, ashe wani ma bai san ina wurin ba, ta kansa yake yi. Kuma mai saurin karanta fuskar mutane ya fi mai saurin karanta takarda yawan tuntuɓe. Sai dai sanin wannan bai mayar da furar da aka ture ba, kuma na san matan da suka tofar da yawu sun riga sun kai labari gidajensu, na Ruwan Bago ma haka.

Washegari ranar buɗar kai ce, kuma bisa al'ada ba a neman gwaggon da ta kai amarya, balle irina. Gari na wayewa na cika galan da man gyaɗa mai kyau, na farkon matsa, na buga wa Asabe ƙofa na ce ta sa mayafi. Ta ce, "Wani jawabin aka shirya?" Na ce, "Yau shaida nake so, ki zo da idonki ki bar bakinki a gida." Muka hau acaba.

Mun tarar da tsakar gidan cike da mata, nasu da 'yan rakiyarmu da suka kwana. Da aka gan ni, wata har ta janye ɗanta daga hanya. Inna Kande tana zaune kan tabarma ita kaɗai, da kwanon koko a gabanta, kowa ya ba ta fili fiye da yadda girmamawa ke bukata. Na ajiye galan. Na durƙusa har ƙasa, gwiwoyina suna ƙara, na gaishe ta gaisuwar da ban yi mata jiya ba, na ce na zo neman gafara, baki ne ya fi ni ƙarfi. Ta ce, "Haba, ba komai, ai ni ban ma ji ba." Wasu suka ƙyalƙyale, ni ma na ji ta shige ni, kuma na cancanta.

Sai na gyara zama a gefenta, cinya na gugar cinya, na ce da muryar nan tawa da ba ta san raɗa ba, don na bayan rumbu ma su ji:

"Uwar ango, ban karya ba na fito. Miƙo mini ludayin nan naki."